Baƙin Farcen Yasmine

Litinin, 5 ga Mayu

Farcen babban yatsan ƙafar Yasmine ya yi baƙi ƙirin. Wajen alwala na gani. Na tambaye ta, wai "ba komai, Maman", ta ja zane ta rufe. 'Yar da na haifa!

Alhamis, 8 ga Mayu

Na hannu ma sai karyewa suke. Ta rame, abinci sai tsakura. Kuma kullum kafin gari ya waye tana gidan maƙwabciyata Ummu Hani, wai taya ta suyar ƙosai. Yaushe Yasmine ta fara son aiki?

Asabar, 10 ga Mayu

Na tuna. Ranar sunan jikarta, Ummu Hani ce ta yanke wa Yasmine farce kafin ta sa mata lalle. Ina ta kai yankakken? Mu dai binnewa aka koya mana. Shekara ashirin muna cin kwano ɗaya, amma mugu bai da kama. Astagfirullah. Ban amsa sallamarta yau ba.

Laraba, 14 ga Mayu

Farcen ya cire. Na naɗe shi a tsumma na ɓoye. Tsoro nake ji, wallahi.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na bi ta. Ta shiga gidan Ummu Hani da hijabi, ta fito da hijabin, amma da wando da tsohon takalmin wasan yayanta Samir. Ta hau mashin, na hau wani, har bakin teku. Gudu take yi! Ita da wasu 'yan mata, wata mata na busa musu usur.

Na dawo na tari Ummu Hani. Ko gezau. Wai takalmin ne ya matse yatsan, ga yarinya ba ta hutawa, ba ta ci. "Na ce ta gaya miki, Hajara, ta ce za ki hana." Sai ta dube ni. "Ke me kika zata?"

Na ce ba komai.

Talata, 20 ga Mayu

Na je wajen matar mai usur. Ta ce hutun mako biyu, ƙwai da wake da barci, farce zai fito da kansa. Ban yarda da ita ba tukuna. Gudu ba abin da ya koro mutum, ina amfaninsa?

Abin da ke cina, gidan wata Yasmine ta kai sirrinta.

Lahadi, 1 ga Yuni

Na je kasuwar Adawlato sayen kayan Sallah. Na ga wani takalmin gudu mai faɗin baki, arha ce kawai ta sa na ɗauka. Na ajiye shi ƙarƙashin gadonta, ban ce komai ba. In za ta sa, a ɗakin nan za ta ɗaura shi.