Dangin Lallen Gidanmu

Kokoro, Bangui

Zuwa ga Goggo Kubura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ciwon ƙafar ya yi sauƙi. Kawu Idi ya kawo saƙonki, wai a sayar da gidan Kokoro tunda kin zauna a Damagaram, ƙasar kakanni. Goggo, ni fa har yau a ɗakinki nake, kuma ba na son barinsa.

Kin tambayi abin da nake koyo a labo, ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu. Allah ya sa rubutu a jikin kowane mai rai, haruffa huɗu ne kacal, sai dai jerin ya kai miliyoyi. Na'ura takan karanta shi guntu-guntu, mu kuma mu sa kwamfuta ta harhaɗa, kamar tela da ƙyallaye. Sannan mu adana, mu gwada da na wasu. Da aka ce kowa ya kawo ganye, sai na tsinko lallen tsakar gida, wanda kuke cewa Kaka Ummuhani ta zo da shi daga Damagaram. In haruffansa na gangarowa a allo, nakan shagala, in ga kamar hannayen amaren gidanmu ne ke wucewa ɗaya bayan ɗaya.

Ki aiko mini da ganyen lallen danginmu na can. In 'yan'uwa ne, rubutunsu zai nuna.

'Yarki, Jamila

*

Damagaram

Jamila,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, tsufa ne ba shi da magani. Ikon Allah, mu mun san lalle da turmi, ku kun kai shi makaranta. Ga ganyen a ambulan, daga gidan ƙanwar Inna Ummuhani na tsinko.

Kada ki ɗauka daɗi nake ji a nan. Tun da tashin hankali ya koro mu, 'yar Bangui suke kirana. In bakina ya suɓuce na ce singila maimakon na gode, sai yara su yi ta dariya. Ina yawan mafarkin titin Koudoukou bayan ruwa ya ɗauke, ƙasa ja tana turiri, ni ina tafe ba ciwon ƙafa. Amma mafarki ba ya riƙe gida. Can an ce mu baƙi ne, kuma in hatta lallenmu baƙo ne, me muke jira? In ya tabbata ɗan Damagaram ne, a kira dillali, ki tattaro ki taho.

Allah ya yi miki albarka.
Goggonki

*

Kokoro

Goggo,

Ina gaisuwa. Ki yafe jinkiri, kuran ne, wato wutar lantarki, ke ta ɗaukewa, sai da na ajiye aikin a wuri uku don kada ya salwanta. Malamarmu ta ce ganye biyu ba sa isa gwaji, don haka na bi gidaje ina roƙon lalle, har unguwar Fatima ta Kiristoci, inda na daɗe ban taka ba.

Na jera su duka, harafi a ƙarƙashin harafi. Na Damagaram dangi ne na nesa, Goggo. Namu kuwa daidai yake da wani tsohon lalle na gidan marigayiya Mama Odette, can bayan coci. Na sake gwajin, haka ya sake fitowa. Rubutun ba ya faɗin wa ya ba wa, iyakarsa ya ce tushensu ɗaya. Jikarta ta ce ba ta san labarin ba, amma ta cika mini leda da ganye.

Ina jiran maganarki da fargaba.
Jamila

*

Damagaram

'Yata,

Na karanta, na yi kuka. Ina ƙarama lallen Inna ya bushe, ta yi kwanaki ba ta cin abincin kirki. Sai ga Odette mai sayar mata da rogo ta shigo da wani abu a ƙunshe cikin ganyen ayaba, suka durƙusa tare a tsakar gida. Na ɗauka magani ta kawo, na zaci tsohon ne ya farfaɗo. Ashe da lallen Odette aka yi mini ƙunshin aure.

Ki ce wa Idi ya sallami dillali. Ki gaishe da jikar, ki ce mata singila mingi, na gode ƙwarai. Sannan ki tambayar mini direbobi yadda hanya take bayan damina, kuma ki fara neman ɗakin da za ki koma, don nawa nake so.

Goggonki, Kubura