Layin da Ya Raba Wana da Mahaifiyarsa a Rajistarku

Zuwa ga mai girma Shugaban ofishin da ke riƙe da rajistar mutanen da aka tsare a yankinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina yi maka barka da aiki, kai da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, da fatan iyali suna lafiya.

Ranka ya daɗe, sunana Isufu Garba. Gyaran babura nake yi a garin Gaya, rumfata tana kan hanyar da ke gangarawa bakin kogi. Ban taɓa rubuta wa hukuma wasiƙa ba, balle irin wannan da kowa zai karanta. Na yi haka ne don ƙafata ta gaji da sintiri a bakin tagar ofishinka, kuma duk ranar da na nemi ganinka sai a ce kana taro, ko ka tafi Dosso, babban birnin jiharmu. Ban ambaci sunan ma'aikaci ko ɗaya ba, domin ba na neman a taɓa abincin kowa. Layi ɗaya nake roƙon a gyara a cikin rajistarku, layin da ya shafi wana Abdullahi, wanda duk bakin kogi suka sani da Audu Maijirgi.

Na ɗaya. Audu yana fiton mutane da kaya a kwalekwale tsakanin nan da Malanville, garin da ke tsallaken kogi, ƙetaren iyaka. Bayan Sallar layya da ta wuce, wata ranar kasuwa, wani ɗan kasuwa ya ce an sauke masa buhunan kaya ba su cika ba. Hayaniya ta tashi, jami'an tsaro suka kwashe duk wanda hannunsa ya taɓa kayan, har da Audu. Ban zo in ce yana da laifi ko ba shi da shi ba, wannan aikin alƙali ne. Abin da nake so ka sani shi ne babu wanda ya sanar da mu. Kwalekwalensa muka tarar a ɗaure da yamma, takalmansa a ciki, wayarsa da katinsa na ɗan ƙasa suna cikin leda a ƙarƙashin benci, inda ya saba ajiye su saboda ruwa.

Na biyu. Washegari na ji ƙishin-ƙishin cewa an kama mutane, sai na ɗauki katin da takardar haihuwarsa na zo ofishinka. Na ce ina neman Abdullahi Garba, haifaffen Gaya. Ma'aikacin da ke taga ya buɗe rajista, ya bi da yatsa, ya rufe, ya ce babu shi. Na roƙe shi ya karanta mini sunayen waɗanda aka kawo ranar kasuwa, ko zan gane nawa a ciki. Ya ce rajista ba jarida ba ce. Na miƙa masa katin mai hoto ko zai leƙa ciki ya duba fuskoki, ya ce shi da takarda yake aiki. Na tafi gidan kaso, can ma aka duba aka ce babu shi.

Ranka ya daɗe, kai ma Hausa kake ji. Ka san abin da “babu shi” ke nufi a kunnen mutanen da suka tarar da takalman ɗan'uwansu a cikin jirgi. Sarkawa abokan aikinsa suka bar kamun kifi suka bazu cikin ruwa suna lalube. Matarsa ta daina cin abinci. Har manya sun fara shawarar ko a yi masa sallar gawa ba gawa, limaminmu ne ya ce a dakata. Muna cikin wannan hali wani mutumin garin Bana da aka sako ya tsaya a rumfata, ya tambaya ko ni ne Isufu mai gyara. Ya ce Audu yana gaishe ni, yana gidan kaso, kuma yana mamakin yadda ko ƙosai babu wanda ya kai masa. Ashe duk lokacin da muke tonon kogi, mutumin yana zaune a wurin da ko jaki zai kai ka kafin rana ta yi zafi.

Na uku. Da na koma da wannan labari, sai ga shi an same shi. An rubuta shi Abdullahi Saini, mutumin garin Karakara, sunan uwa Hamsatu. Ga yadda aka yi, kuma ina roƙon ka karanta wannan wuri a hankali, domin nan ne duk matsalar take.

Audu ɗan fari ne a wurin mahaifiyarmu. Kamar yadda aka saba a gidajenmu, ana yaye shi aka ba baffanmu Saini riƙonsa a Karakara, shi da matarsa Hamsatu. A hannunsu ya girma, su ya buɗe ido ya gani, su yake kira Baba da Inna har Allah ya karɓi ransu. Bai dawo Gaya ba sai da ya yi gemu. To mutum irin wannan, a zaunar da shi gaban mai kaki a ce wane ne ubanka, me ake jira ya ce? Sunan wanda ya ciyar da shi ya shayar da shi zai faɗa. Da zai tsallake Baffa Saini ya ambaci wani, a ganinsa butulci ya yi wa kabari. An ce daga ina kake, ya ce Karakara, don can yake kira gida. Ba a tambaye shi inda yake kwana ba, ba a tambaye shi ko yana da kati ba. An rubuta da Faransanci, an ce ya dangwala yatsa, ya dangwala. Audu bai yi lakkwal ba, wato makarantar boko. Ko sunan limamin Makka aka rubuta a wurin, haka zai dangwala.

Ba ƙarya ya yi muku ba. Tambayar da kuka yi da wadda ya ji ne suka bambanta, kuma a ƙasar nan tamu da riƙon 'ya'ya ya cika kowane gida, ban yarda shi ne na farko da hakan ta faru da shi ba.

Na huɗu. Aka ce mana ba a ba da takardar izinin ziyara sai ga dangi na kusa, kuma ni Garba ne shi Saini, saboda haka takarda ba ta san mu da juna ba. Matarsa kuwa auren masallaci ne, ba su da takardar aure. Sai aka ce in kawo uwarsa. Na ɗauko mahaifiyarmu a bayan babur, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ma'aikacin ya tambaye ta ko ita ce ta haife shi. Ta sunkuyar da kai, ta ce ɗan gidan Karakara ne. Ya ce ta faɗi sunansa, ta yi shiru tana wasa da bakin mayafi. Ya dube ni kamar na yi hayar tsohuwa a kasuwa, ya ce mu ba na baya wuri.

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban ga laifinta ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Audu a bakinta ba. “Wancan” take ce masa. Ko ɗan maƙwabta mai suna Abdullahi, “mai sunan wancan” take kiransa. Idan Audu ya shigo gaishe ta, bango take kallo tana amsawa, sai ya fita ta aika a bi shi da tuwon da ta fi zuba wa man shanu. Wannan ita ce kunyar ɗan fari, kuma na tabbata in ka waiwaya cikin danginka za ka samu mai irinta.

Mako na zagayowa ita da kanta ta ce in mayar da ita. Ban san abin da ta ƙulla a ranta ba. Muka bi layi, ga 'yan kabu-kabu, ga mata masu goyo, ga yaran da ta yi jika da su. Da muka isa taga ta dafa ƙarfen da hannu biyu, ta ɗaga kai, ta ce: “Abdullahi. Ni na haife shi.”

Ni da nake ɗanta sai da na kau da kai. Ma'aikacin ya duba rajista, ya ce uwar wannan Hamsatu ce, kuma shi ba shi da ikon canza abin da aka riga aka rubuta, sai Shugaba.

Na biyar. Abin bai tsaya ga ziyara ba. Waɗanda aka kama tare da Audu an sake su su jira shari'a a gida, domin danginsu sun tsaya musu. Shi kuwa an gaya mana takardarsa ta nuna baƙo ne, iyayensa sun rasu, ba shi da kowa a Gaya, kuma garin da ke bakin iyaka biyu ba a sakin wanda ba a san makwancinsa ba. Na fahimci hujjar. Sai dai mutumin da ake cewa ba shi da kowa yana da uwa, da mata, da 'ya'ya, da ƙane mai rubuta maka wannan wasiƙa, duk a unguwa ɗaya. Muddin layin nan yana nan yadda yake, Audu yana ciki.

Saboda haka ga abin da nake roƙo.

A fito da Audu a gwada fuskarsa da hoton da ke jikin katinsa, katin yana hannuna, takardar haihuwa ma haka. Mai unguwarmu da limaminmu sun ce a shirye suke su zo shaida, haka dattawan Karakara da suka san riƙon. In an tabbatar, a gyara layin ya zama Abdullahi, ɗan Garba da Zainabu, mazaunin Gaya, a kuma aika wa gidan shari'a da gidan kaso gyaran, kada mu gyara a nan mu tarar da tsohon suna yana jiranmu a can.

Sannan don na baya, ina ba da shawara a riƙa yi wa wanda aka kama tambaya biyu da harshen da yake ji: wa ya haife ka, wa ya riƙe ka. A rubuta har sunan da aka san shi da shi a gari. Idan kuma dangi suka zo nema ba a ga suna ba, a duba ta ranar da aka kawo mutum da wurin da aka kama shi kafin a sallame su. Kalmar “babu shi” kuwa, don Allah a nemo mata madadi.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi damuna. Da na gaya wa mahaifiyarmu zan rubuto maka, ta ce in sanar da kai cewa idan sau ɗaya bai isa ba, za ta dawo ta sake faɗa a gabanka, ko sau nawa kake so. Na isar da saƙonta kamar yadda ta umarce ni. Amma ni ina roƙonka, ranka ya daɗe, kada ka sa ta. Abin da ta ɓoye tun ranar suna ta riga ta fito da shi a gaban layin mutane, kuma ma'aikacinka ya ji da kunnensa. A karɓi wannan ɗin.

Allah ya taya ka riƙon amanar da ke wuyanka, ya ba ka ma'aikata masu sauraro, ya raba ka da ranar da za ka nemi naka a ce maka babu shi. Idan mahaifiyarka tana raye, Allah ya ƙara mata lafiya. Idan ta riga mu, Allah ya haskaka kabarinta.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Isufu Garba, ƙanen Abdullahi Garba,
Gaya.