Ƙararrawar Chingolo

Paso del Tala,
Watan Yuni.

Zuwa ga matata Zulma,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina samun sauƙi. Yaya ƙugun, yaya wurin ɗinkin? Ina fata kin fara taka ƙafar kamar yadda likita ya ce. Ki gaida 'yarmu Nélida da mijinta da yara. Ni lafiyata lau, tumakin maigidana mai gandu ma haka, sai dai ruwa da sanyi da suka sa mu gaba.

Dokinki Chingolo ne ya sa na ɗauki biro. Ya sake fizge takalmin ƙarfensa na gaba, kuma wannan karon har da ɓallin kofato ya tafi. Kin san halinsa, ƙafar baya ce ke cimma ta gaba, ta taka dunduniyar takalmin ta ɓalle shi. Don Isabelino maƙeri ya zo ya mayar yana ta tsaki. Ya ce mini, "Heber, kofaton nan ya zama rariya. In ya ƙara fizgewa, a ina kake so in kafa ƙusa, a goshinka?" Na yi dariya don kada ya ga hankalina ya tashi.

Ba sai na tuna miki ba, daga titi zuwa gidanmu mota ba ta shiga, dutse ne da rafi, kuma doki ba ya ɗaukar mutum a kan duwatsun nan ba takalmi. Sauran dawakin gandun kuwa, ko ni sai na yi da gaske. Chingolo kaɗai zai tsaya cik ki hau shi da sabon ƙugu. Na ji abin da Nélida ta ce ranar da kuka tafi, wai in babu abin da zai kai ki gida lafiya, gara ki yi zamanki wurinta a birnin Salto. Maganar ta shiga kunnena.

Saboda haka ki sa ta sayo mini ƙararrawar ƙafa guda biyu, robar nan da ake kifa wa kofato. Kada ta karɓi mai maɗaurin mannewa, na gwada ta, laka ta cika maɗaurin, ba a jima ba na tsince ta a jikin ƙaya. Kada kuma ta karɓi siririyar nan mai launi ta 'yan gayu, wannan ado ce kawai. Mai kauri nake so, wadda ba ta da maɗauri ko kaɗan, wadda sai an ja da ƙarfi take shiga. Ta yi tsawo har ta taɓa ƙasa ta baya, ta rufe dunduniyar takalmin ruf.

Zan jefa wasiƙar nan a gwangwanin ƙofar shinge yau Laraba, direban bas ya ɗauka gobe. Ni ba na zuwa ƙofar ranar Alhamis, ranar da bas ke zuwa. Ba na son in ga mota ta tsaya ba ki sauko ba, gara in kora tumaki can kan tudu.

Gidan ya yi mini girma, tsohuwa. Nakan haɗa mate, shayin ganyen nan namu, in sha, in miƙa ƙoƙon gefe, sai in tuna ba mai karɓa.

Naki kullum,
Heber.

Paso del Tala,
Watan Yuli.

Tsohuwata Zulma,

Ina gaishe ki da kyau, ina tambayar jiki da barci da cin abinci. Allah ya ƙara sauƙi. A gaida mutanen gida baki ɗaya.

Saƙo ya iso. Na kwance ƙunshin sai ga ƙararrawar tagulla da igiyar fata, irin wadda ake rataya wa goɗiyar da ke jan garke. Na zauna bakin ƙofa ina dariya har kare ya zo yana leƙen fuskata. Na gane yadda aka yi. Kin ce wa Nélida, "Babanki na son ƙararrawar doki," kin tura wasiƙar ƙarƙashin matashi don kada ta karanta zancen mate. Ita kuma tun tana ƙarama makaranta ta raba ta da karkara, ina za ta sani? Kada ki yi mata faɗa. Ki yage wurin da na yi bayanin robar ki ba ta, sauran ki riƙe abinki.

Da na nuna wa Don Isabelino sai ya ce, "To rataya masa a wuya mana. Ko ba komai ka ji kiɗa lokacin da aikina ke lalacewa." Zolaya yake yi, amma na rataya. Gaskiyar magana, shirun wurin nan ne ya ishe ni. Kafin robar ta zo, na yanka tsohon tubun taya na ɗaura masa a ƙafafun gaba.

Zulma, ƙararrawar nan ta faɗa mini abin da ban sani ba. Ranar Alhamis ina kan tudu da tumaki na ji bas ta danna ham a titi, nan take ƙararrawa ta kama kaɗawa ba ƙaƙƙautawa. Na hau dutse na duba. Chingolo ne ya tsinke da sukuwa ta tsakiyar fadama, laka na tashi ta ko'ina, bai tsaya ba sai a ƙofar shinge. Ya ɗora kai a kan waya yana kallon motar har ta ɓace. Sannan ya juyo a hankali, ƙararrawar na bugawa ɗaya bayan ɗaya.

Ashe duk takalman da ya zubar, ranar Alhamis ya zubar da su. Dokin da ko tsawa ba ta sa shi sauri, a cikin taɓo yake gudu don ya tarye ki. Abu ɗaya ke damunmu ni da shi, sai dai ni gudun ƙofar nake yi, shi kuma gudu yake yi zuwa gare ta.

Takalmin ya tsira wannan karon, amma tubun ya yage. A gaggauto da robar.

Mijinki mai kewarki,
Heber.

Paso del Tala,
Watan Agusta.

Zuwa ga Zulma,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan ƙafa tana ƙara ƙarfi. Ki ce wa Nélida ta fita kunya, wannan ce robar da nake nufi.

Sa su kuwa sai da na yi gumi cikin sanyin nan. Na jiƙa su a ruwan zafi, na juya cikinsu waje, na ja na ja har yatsuna suka mutu, dokinki yana tsaye yana shaƙar wuyana kamar ba shi ake wa wahala ba. Da suka shige na san sun shiga ke nan. Kowace safiya nakan ɗaga su sama in wanke lakar da ta taru, in duba ko sun goge masa fata, in shafa ɗan kitsen tunkiya. Ban da wannan ba ni da wani abin da nake ɗokin tashi dominsa.

Na gwada kulle shi a barga ranar Alhamis. Da ya ji ham sai ya dinga bankar itatuwan da ƙirji yana haniniya, na ga zai ji wa kansa ciwon da ya fi na kofato, na buɗe masa. Ban iya hana shi ba, kuma ban ga dalilin hana shi ba. Da ya dawo na duba, ga sara biyu a bayan robar inda ƙafar baya ta sauka, takalmi kuwa ko motsi bai yi ba.

Don Isabelino ya ƙwanƙwasa kofaton ya ce, "In aka ɗore a haka, kafin a yi wa tumaki aski, sabon kofato ya sauko. Ka gaya wa madam ta fara shirya kaya." Na riga na kafa kututture kusa da ƙofar shinge, na sassaƙa masa matakala, ba sai kin ɗaga ƙafa da yawa ba in za ki hau doki.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Wasiƙarki ta ƙarshe gajera ce, kuma ba ki ce komai game da tafiya ba. Na tambaye ki ko kin ajiye sanda, kin ba ni labarin jikoki.

Ki huta lafiya,
Heber.

Paso del Tala,
Watan Oktoba.

Zulma, matata,

Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ta kullum. Yaya jikin, na gaskiya nake tambaya, ba wanda kike rubuto mini ba.

Wasiƙar Nélida ta same ni. Ta faɗa mini ƙashin bai kama yadda ake so ba, likita ya ce ke da sirdi har abada. Ta ce tun watan Agusta kika sani, kika hana a gaya mini, wai a bar ni in gama da ƙafar dokin tunda ita ke tashe ni da safe. Ban yi fushi ba, tsohuwa. Na dai zauna a kan kututturen nan na daɗe.

Washegari Don Isabelino ya zo. Ya ɗaga ƙafar ya duba yana murmushi, ya ce, "Kofato ya dawo garau. Yanzu ko saman coci ka ce ya hau, zai hau." Na ce masa ya cire takalman duka huɗu. Ya ce, "Kai Heber, mate ɗin ne ya hau maka kai? Duk damina muna fama su zauna, yau da suka zauna ka ce a cire?" Na ce dokin da ba za a hau ba me zai yi da takalmi. Ya dube ni, ya ɗauko awartaki.

Robar ma na zare ta. Duk ta sha sara amma ko tsagewa ba ta yi ba, tana nan rataye a ƙusa kusa da linzaminki. Ƙararrawar tagulla ce na bar masa a wuya. Har yanzu yana zuwa taryar ki, sai dai yanzu babu abin da zai fizge.

Na yi magana da maigida, ya samo wanda zai duba tumaki. Ina zuwa a bas ɗin Alhamis mai zuwa. Ban san kwana nawa zan yi ba, ban kuma san me mutum irina zai yi a Salto ba, sai mun zauna mun yi magana. Ki sa a ɗora ruwan mate, ni zan zo da ƙoƙon.

Na roƙi Don Isabelino ya zo da sassafe ya ja Chingolo can bayan tudu ya riƙe shi har motar ta wuce. Ba na son ya ga ni ma na fita ta wannan ƙofar.

Sai na iso,
Naki, Heber.