Habibu ya faɗi a Ingilishi

Madarunfa, daren Laraba, watan Yuli

Sakamakon jarrabawar birebe, ta kammala ƙaramar sakandare, ya fito yau. Ɗalibaina sun yi ƙoƙari, har wata tsohuwa daga Safo ta kawo mini zabi biyu saboda jikarta ta ci.

Bayan la'asar matata Rabi ta kira daga gida, Dogon Dutsi. Ɗanmu Habibu ya faɗi, kuma Ingilishi ne ya ja shi ƙasa, huɗu bisa ashirin. Ta ce, "Malam, maƙwabta sai tambayata suke, wai ba ubansa ne mushe, malamin Ingilishi ba?"

Da farko na zagi wanda ya duba takardar. Sai na ce ta ba yaron waya. Na tambaye shi da Ingilishi abin da ya ci da safe, tambayar da nake yi wa ƴan ajin farko. Ina jin kukan akuyarmu a bayansa. Can ya ce, "Baba, faɗi da Hausa." Allah ya yafe mini zagin nan, ni ma huɗun zan ba shi.

Shekara bakwai ina koya wa ƴaƴan mutane. Sau uku na nemi a maida ni kusa da gida, ko amsa babu. Amma ba hukuma ce ta hana ni buɗe littafi da shi lokacin hutu ba. Gajiya nake kai masu gida, in kwanta.

Na ce masa in na zo za mu zauna kullum da safe. Ya ce, "To, Baba." Haka na ce masa bara.