Tukuna ɗin da Muhsin ya bari

Assalamu alaikum Anti Jannat,

Don Allah ki taimake ni da shawara. In kin ga ina ta kewaye-kewaye ki yi haƙuri, ban saba faɗin damuwata ba.

Ni mai rubuta manhajar waya ce a wani kamfani a Manchester. Karatu ya kawo ni jami'a, aiki ya riƙe ni. Sai na ɗan yi miki bayanin aikin kafin ki gane inda gizo ke saƙar. Manhaja ba ta iya komai da kanta. In tana son ta kunna sauti ko ta tashi waya daga barci, sai ta bi ta wata ƙofa da masu tsarin wayar suka buɗe mata, mu API muke ce mata. To lokaci-lokaci sai su gina sabuwar ƙofa, su liƙa wa tsohuwar kalmar deprecated. Ma'anarta ita ce har yanzu tana buɗewa, amma kada ka dogara da ita, wata rana za ka zo ka tarar an toshe. A kwamfuta, duk kalmar da aka yi wa haka sai ki ga an ja mata layi ta tsakiya, kamar malami ya soke amsa.

Kowa da yadda yake fama da layin nan. Wasu abokan aikina sai su sa wata 'yar alama da ke rufe bakin gargaɗin, su ci gaba da shan kofinsu. Wasu su lulluɓe tsohon da sabon code, wato rubutun manhaja, a bar wa na baya wahala. Ni ake kira in abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, in kwashe tsohon in dasa sabo, kuma hannuna ba ya rawa. Da can har cewa nake ni ce mai wankan gawar ofis. Na daina wannan wasan.

Mijina Muhsin ya rasu bara waccan, Allah ya jiƙansa. Sana'armu ɗaya. Shi a Birmingham ya girma, yana yaro mahaifinsa ya zo karatu da iyali, ba su koma ba. Hausarsa ta mahaifiyarsa ce tsaf, amma harshen na Birmingham, in ya ce "ƙwarai" sai na riƙe ciki don dariya. Mahaifiyar, Hajiya, tana can unguwar Sparkhill a Birmingham tare da ƙanwarsa Khaulat, wadda nas ce.

Hajiya na da ciwon suga da hawan jini, kuma komai a wajenta tukuna ne. Abinci tukuna, asibiti tukuna. Ƙararrawar magani in ta kaɗa, ta kashe ta ce tukuna, shi ke nan an wuce wurin. Sai Muhsin ya rubuta mata 'yar manhaja, ba ta kasuwa ba, a wayarta kaɗai take. In lokaci ya yi wayar ta yi magana da muryarsa: "Hajiya, magani. Ba tukuna ba, yanzu." In ba ta danna ba, ya sake, a marairaice: "Haba Hajiyata." Wannan na biyun ba ta taɓa iya ƙin sa ba.

Anti, da wannan manhajar ya nemi aurena. Ya kawo mini wai in duba masa code ɗin, ba shi da wanda ya yarda da shi. Sai bayan biki ya gaya mini da gangan ya zuba kurakurai don dubawar ta yi tsawo. Mu masu wannan aikin muna barin 'yan bayanai a tsakanin layuka, waya ba ta karanta su, na mutane ne. Shi da Hausa yake nasa. Kuma inda kowa ke sa alamar Turanci ta aikin da ya rage a yi, shi TUKUNA yake rubutawa da manyan baƙaƙe, don tsokanar Hajiya.

Yanzu wayar ta tsufa. Batirin ya kumbura har bayanta ya ɗaga, da rana tsaka sai ta ɗauke. In ta ɗauke Muhsin ba ya magana, in bai yi magana ba Hajiya ba ta shan magani. Likitanta ya ga awon suganta ya hau, ya tambayi Khaulat me ya canza a gida. Khaulat ta shiga kantunan Stratford Road ta sayo sabuwar waya, sabuwar kuma ta ƙi karɓar manhajar, ta ce an gina ta don tsarin da ya shuɗe. Hajiya ta mayar da ita kwalinta, ta ɗora a kan wardrobe, kin san me ta ce.

Khaulat ta kira ni ranta a ɓace. Ta ce kullum wannan aikin nake yi wa Turawan da ban sani ba, amma na kasa yi wa uwar mijina. Ta ce ita ke shift a asibiti, ita ke school run, kai yara makaranta da ɗauko su, ita ke ƙirga ƙwayoyi, kuma duk sanda muryar ta tashi fita take daga kicin don ba ta iya ji, amma ta haƙura saboda Hajiya. Gaskiya ta faɗa.

Aikin bai fi ƙarfina ba, ƙarshen mako ɗaya ya ishe ni. Ina hawa jirgin ƙasa in je, in hau bas zuwa Sparkhill, in gaida Hajiya, in buɗe laptop a falonta. Sai in ga ɓangaren da ke tashin wayar, zuciyar abin ke nan, layi ya ratsa kusan ko'ina. A samansa ya rubuta: "TUKUNA: in sun rufe ƙofar nan a canza. Amarya, kar ki yi mini dariya, yana aiki." Amarya yake ce mini har ya bar duniya. Daga nan sai in rufe laptop ɗin in ce wa Hajiya ina dubawa.

Na san kwafi ba ya ɓata, ni ke koya wa sababbin ma'aikata haka. Na san muryar fayil ce, ana ɗaukar ta a kai ko'ina. Amma duk abin da Muhsin ya rubuta a wuraren da ya yi aiki an riga an maye gurbinsa, haka sana'ar take, ba ta ajiye kowa. Wannan 'yar manhajar ce kaɗai aikin hannunsa da har yanzu ke tashi da safe ta yi abin da ya sa ta. In na canza, muryarsa za a ji, amma ni ce zan riƙa tashin ta. Ina kewarsa, Anti, kewar da ban san inda zan ajiye ta ba. Ita kuwa Hajiya ta ɗauka a cikin waccan wayar kaɗai muryar take, in an canza ta tafi, ni kuma ban gyara mata fahimtar ba.

Yaya zan yi? Ina tsoron in taɓa, ina tsoron abin da zai sami Hajiya in ban taɓa ba.

Amaryar wani, Manchester

Wa alaikumus salam 'yata,

Allah ya jiƙan Muhsin, ya kai haske kabarinsa, ya ba ku haƙuri ke da Hajiya da Khaulat. Ni sana'arku ban san kanta ba, wayata ma jikokina ke gyara mini. Amma kin yi bayani yadda na gane, kewa kuwa ba sai an yi mini bayani ba.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Batirin da ya kumbura hatsari ne, bai kamata ya ci gaba da shan caji kusa da tsohuwa ba. Ki kwafe muryoyin nan a makon nan, ki ajiye a wuri fiye da ɗaya. Kafin sabuwar manhaja ta tsaya da ƙafarta, ku nemi kantin magani su jera wa Hajiya ƙwayoyinta a akwatin nan mai ɗaki-ɗaki, ke kuma ki ɗauki kiran yamma na tuna mata magani daga Manchester, ki sauke wa Khaulat wannan. Lafiyar mai ciwon suga ba a rataya ta a wayar da ke suma.

Ba na ganin laifinki. Wanda bai rasa nasa ba zai ce ai rubutu ne kawai, kamar yadda ake cewa ai riga ce kawai ga matar da ta kasa bayar da rigar mijinta. Amma Khaulat ma ta rasa yayanta, kuma ita ke jin muryarsa safe da yamma tana haɗiyewa. Ki kira ta, ki gaya mata abin da kika gaya mini. Ita gani take kin yi sakaci, ba ta san hannunki ne ya kasa ba. Ku yi shawara a rage ƙarar, ko wayar ta zauna a ɗakin Hajiya.

Sannan ki daina barin Hajiya cikin duhu. Tana kasada da lafiyarta don ta tsare abin da ba ya cikin hatsari. Ki zauna kusa da ita, ki kunna mata "Haba Hajiyata" daga taki wayar, ta ji da kunnenta cewa ɗanta bai maƙale a waccan ba. Ina kyautata zaton da kanta za ta sa a sauko da kwalin.

Yanzu ga abin da na gani a wasiƙarki wanda ke ba ki gani ba, don hawaye ya tare. Kin karanta bayanin da ya bari kamar ya ce kada a taɓa. Sake karantawa. Cewa ya yi in sun rufe ƙofar a canza. Tukuna a Hausa ba ta taɓa nufin a bari har abada ba, tana nufin lokaci bai yi ba, kuma mai faɗin ta ya san zai yi. Muhsin ya san ranar nan na zuwa, ya sa alama a wurin, kuma sunan mutum ɗaya ya ambata a kai. Saƙo ya bar miki, 'yata. Abin da ya gina shi ne uwarsa ta sha magani a kan lokaci, layukan hanya ce kawai. Ina fatan Allah ya ci gaba da rubuta masa ladan duk ƙwayar da ta haɗiya, kuma yanzu ke ce za ki sa ladan ya ci gaba ko ya tsaya.

Ki yi aikin a falon Hajiya, tana gefenki, ba ke kaɗai a flat ba. Tunda kin ce waya ba ta karanta bayanan nan, ban ga abin da zai sa ki goge su ba. Ki bar masa Hausarsa inda take, ki rubuta taki a ƙarƙashi, ko da dariyar da ya hana ki ce. Tsohuwar wayar a kai wa masu gyara su cire batirin, ki ajiye gangar jikin in kina so. In kuka ya zo ki yi, ki share, ki ci gaba.

Kin fi kowa sanin abin da mijinki ke ce wa mai cewa tukuna. Kullum yana faɗa a falon nan, kina zaune kina ji, kin ɗauka da Hajiya kaɗai yake.

Allah ya ƙarfafa hannunki, ya ba Hajiya lafiya, ya sanyaya zukatanku.

Anti Jannat