Zelia da Aboboyarta

Litinin, 8 ga Mayu, 2023
Zelia ta shigo layinmu na Alajo a kan aboboya, babur mai kafa uku na ɗaukar kaya. Ita ke tuƙi! Yarinyar da bara take ɗauko min doya a ka daga kasuwar Agbogbloshie. Har da danna min hon. Na yi kamar ina gyaran firij ɗin shago.

Alhamis, 11 ga Mayu
'Yan ƙungiyar da suka koya mata tuƙi sun zo zagaye. Na nuna musu shago, na ce mijina Awal yana Italiya, ba mu rasa komai ba. Wata mai tabarau ta ce ba kaya suke dubawa ba. Wai in ciwo ya tashi, zan iya kai kaina asibiti? In ina son zuwa wani wuri, wa ke yankewa? Na ce tambayar banza ce. Bayan sun fita na kasa cin abinci.

Asabar, 20 ga Mayu
Wai Zelia ta je bakin teku ita kaɗai, don kawai ta gani. A Accra aka haife ni, sai a waya nake ganinsa. Ɗaki ɗaya suke kwana su shida, amma dariyarta har nan.

Lahadi, 28 ga Mayu
Na ce wa Rafi'atu maƙwabciyata tuƙi ba aikin mace ba ne. Ta ce, to me ya sa kullum nake leƙe?

Talata, 6 ga Yuni
Ruwa tun safe, kwata ta cika ta shigo layi. Mma, mahaifiyata, ta faɗi a banɗaki, bakinta ya karkace. Babu mai tasin da ya yarda ya shigo. Na kira Awal, bai ɗauka ba. Na tsaya da waya a hannu kamar gunki. Zelia ce ta shimfiɗa katifa a bayan aboboya. "Anti, riƙe kanta, kar ki saki." Ruwa har gwiwa, ta ratsa da mu har asibiti. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri, da shi ke nan.

Laraba, 7 ga Yuni
Mma ta kira sunana, a karkace amma ta kira. Alhamdulillahi. Na yi wa Zelia godiya. Har yanzu haushinta nake ji, Allah Ya yafe min.

Lahadi, 11 ga Yuni
Filin makaranta babu kowa yau. Na ce Zelia ta nuna min inda birkin aboboya yake, shi kaɗai. Injin ya mutu min sau da yawa, tana ta dariya. Mun zagaya filin. Ban faɗa wa Awal ba tukuna.