Bangon Ɗakin Mama

Ƙanwata Tiyamike,

Gaisuwa mai yawa. Ya Mama da yara? Na ji ruwa ya sake tsananta a Chikwawa.

Ina lafiya a Durban, ƙafar ce kawai, tunda na faɗo daga rufin da nake gyarawa. Kada Mama ta ji. Bana ba zan samu zuwa ba.

Ki roƙi Kawu Limbani ya haƙa lambatu bayan ɗakinta, a jera buhunan yashi a gindin bangon. A waya cewa ta yi, "Bangon da ubanku ya gina? Sai ka riga shi faɗuwa." Na yi dariya, me zan ce?

In ya fara tsagewa ku ƙyale shi, ku fito da ita ko tana zagi.

Allah ya tsare.

Yayanki,
Mavuto